Jan Ƙyallen Yaya Luba

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayata Lubabatu, wadda kasuwar hatsi ta Jibiya ta sani da Luba. Inna ta riga ta yi mata sadaka tun cikin azumi, domin ita da watan sama take lissafi. Mutanen kamfani kuwa da kalandar bango suke nasu, shi ya sa sai a makon nan suka tuna, suka zo har zaurenmu da wasiƙa mai ƙamshin turare. Ga ta nan kan tabarma ina kallon ta. Na danne ta da kwanon sha don kada iska ta ɗauke ta, ko da yake in ta ɗauke ɗin ba zan bi ta da gudu ba. A cikinta akwai takardar da suke so a sa wa hannu kafin Juma'a. In an sa, za su buga hoton Yaya Luba a jikin sabuwar sitikarsu, ni kuma su ba ni gurbi a shirinsu na horar da matasa jagoranci, har su tsaya mini in shiga jami'a. In ba a sa ba, babu hoto, babu gurbi. Baba ya ce ni zan yanke hukunci.

Sunana Nana, shekarata goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe a sakandare. A gida ba mai kirana Nana sai in na yi laifi. Rediyo ake ce mini, kuma Yaya Luba ce ta laƙaba mini, wai in na ga akuya biyu suna karo a bakin tasha, kafin in iso gida sun zama raƙuma arba'in, har jandarmomi sun tsallako daga Nijar rabon faɗa. Ban musa ba. Saboda haka ga sharaɗi tsakanina da mai karanta jaridar nan: duk inda kuka ji abin dariya, na ƙara gishiri. Inda kuka ji babu dariya, ban ƙara komai ba, ragewa ma na yi.

Yaya Luba ta karanta kimiyyar sinadarai a jami'a, ta dawo gida tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Tana da asma tun tana ƙarama, tana kuma da hancin da in ana soya albasa a Maraɗi sai ta ce mana ta ƙone. Wannan hanci shi ya jawo komai.

Babanmu ɗan kasuwar wake ne, yana da sito a bayan kasuwa kamar sauran abokansa. Wake kuwa ƙwari ba sa ƙyale shi. In an jibge buhuna sai a ɗauko wata ƙwaya mai launin toka, a ƙunshe ta a tsumma, a cusa tsakanin buhuna, a ja ƙofa a kulle. Ƙwayar tana fitar da iska mai warin tafarnuwa, iskar ta kashe ƙwarin. Kowa ya san wannan. Abin da ba wanda ya tsaya ya lura da shi shi ne yadda ake gina sito a wajenmu. Ciki na buhuna ne, a kulle yake. Gaba kuma ɗan zaure ne da aka raba da langa-langa, langa-langar ba ta kai rufi ba. Wannan zauren shi ne wurin hutun 'yan dako, waɗanda mafi yawansu mutanen ƙasar Maraɗi ne. In rana ta take kuma babu motar lodi, nan suke shiga su miƙe bayan azahar, domin duk kasuwar babu inda ya kai shi sanyi. Sai su tashi da ciwon kai, wani da amai, wani ƙirji ya riƙe. Aka ce aljanin sito ne. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har sunan aljanin an sani, wai Ɗan-Buhu.

Wata rana Baba ya dawo daga kasuwa, Yaya Luba ta karɓi babbar rigarsa za ta rataye, sai ta tsaya tana shinshina ta kamar kyanwa. Washegari ta sa hijabi ta nufi bayan kasuwa, ni kuma na bi ta, don ba a zuwa wurin labari a bar ni a gida. Ta sami Baba Illa, sarkin 'yan dako, wani dattijo mai wuya kamar turmi, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Illa, aljanin nan kullum yake zuwa, ko yana da ranaku?"

"Lokotoro," in ji shi, haka suke kiran likita a Nijar, kuma haka ya kira ta har ta bar duniya duk da ko kaza ba ta taɓa yi wa allura ba, "kin san ba mu tambayar shi ranar zuwa."

"To sito wofi ya taɓa kama wani?"

Baba Illa ya cire hula ya sosa kai. Ya juya ya kira mutum uku cikin yaransa ya tambaye su. Babu wanda ya tuna ranar da sito wofi ya kama kowa. A ranar Ɗan-Buhu ya rasa aikinsa.

Sanin ciwo daban, hana shi daban. Ɗan dako ba shi da hanyar sanin sito kaza an sa masa ƙwaya yau da safe, mai sito kuma ya kulle ya tafi ƙauye saye. Yaya Luba ta ce tana son alamar da ba sai an iya karatu ba, abu ja, wanda ko makaho zai shafa ya ji. Ni kuwa na san inda abu ja yake. A ƙasan adakar Inna akwai wani jan zane da ba ta ɗaurawa sai ranar suna. Na ɗauko shi, na sa reza na yi masa filla-filla. Da Inna ta gane, ta bi ni da muciya har kan iyaka, sai da 'yan kwastan suka tsayar da ita suka nemi takardunta. Yaya Luba ta yi dariya har asmarta ta tashi, sannan ta ba Inna haƙuri, sannan ta kwashe ƙyallayen ta zuba a jaka.

Dokar gajera ce. Wanda ya sa ƙwaya ya ɗaura jan ƙyalle a mariƙin ƙofa. Muddin ƙyallen yana nan, ba mai kwanciya a zauren. In kwanaki sun cika, an buɗe sito ya sha iska, wanda ya ɗaura shi zai dawo ya kwance. Ba wani ba, shi ɗin.

'Yan dako sun karɓa nan take. Masu sito ne suka yi ta noƙewa, wai ƙyallen tallar asiri ne, mai saye zai ce wakensu magani ne zalla. Lokacin shari'a tana da ɗuminta a jiharmu. An rufe gidajen giya na bakin tasha, 'yan kwamiti kuma suna zagaya kasuwa suna ƙwanƙwasa gindin tiya, duk wadda aka buga ta lotsa ciki don ta rage awo sai su ƙwace. Yaya Luba ta sa Baba ya raka ta wurin limamin masallacin kasuwa. Daga bakin zaure ta zauna.

"Allah gafarta Malam, wanda ya tauye tiya ya ci haƙƙin mutum na hatsi. Wanda ya sa ƙwaya ya bar bawan Allah ya kwanta bai faɗa masa ba fa?"

Liman ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Wannan numfashin mutum ya tauye."

Ranar Juma'a ya faɗe ta a huɗuba. Kafin wata biyu jan ƙyalle ya kai Daddara, ya kai Farfaru, direbobin kamyo, manyan motocin kayan Nijar, sun tsallaka da labarinsa har ƙauyukan bayan Maraɗi. Masu sayar da yadi suka rasa gane dalilin da maza masu gemu ke zuwa neman ja. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ba wanda ya yi amai a zauren sito.

Da labarin ya tsaya nan, da yau ban rubuta komai ba.

Yaya Luba tana cikin wata ƙungiya ta matasan masana kimiyya, waɗanda suka gama jami'a tare suka warwatsu cikin jihohi. Ni 'yan farar riga nake ce musu. Ƙungiyar ta ƙulla haɗin gwiwa da wani kamfani, kuma kamfanin shi ne mai shigo da ƙwayar nan ta sito. Ba zan faɗi sunansa ba. Kamfanin Murmushi nake kiran sa, domin duk wanda ya fito daga cikinsa haƙoransa a waje suke, ko gaisuwar mutuwa ya zo. Yarjejeniyar ita ce kamfani zai kwashi matasan ya kai su otal a Kaduna mako biyu, a koya musu jagoranci.

Ta dawo da jaka mai tambari, da biro mai tambari, da hula hana-salla mai tambari, ita da ke cikin hijabi har gwiwa. Na tsare ta sai ta ba ni labari. Ta ce an koya musu yadda ake riƙe hannun mutum da ƙarfi wajen gaisuwa, ita da ba ta ba maza hannu. An raba su rukuni-rukuni an ba su ɗanyar taliya su gina hasumiya, wanda tasa ta fi tsawo shi ne shugaba. An koya musu kallon mutum cikin ido in ana magana. Ranar da ta gwada wannan a kan Baba, ya ajiye cokali ya ce, "Luba, ciwon ido kike yi?"

Kada in yi zalunci. Ta ƙaru. Da can in za ta yi magana a taro muryarta rawa take yi, ta dawo tana tsayawa gaban mutum hamsin ba ta haɗiye ko kalma ɗaya. Ta koyi rubuta wasiƙar da ake amsawa. Kuma ta dawo da farin ciki irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba, domin a can ta ba da labarin jan ƙyalle, zauren otal ya tashi tsaye yana tafi. Yarinyar da ake yi wa dariya a gari wai ta yi digiri ta ƙare a shinshinar buhu, ga manyan mutane masu kwat suna tafa mata. Wa zai ƙi?

Bayan tafin ne wani manaja, wanda nake kira Oga Murmushi, ya ja ta gefe. Ya ce tunanin ya yi kyau matuƙa, amma tsumma bai dace da zamani ba, kuma jagora nagari shi ne mai ɗaukar ƙaramin abu ya girmama shi. Kamfani zai buga sitika. Aka buga ta kuwa, ruwan ɗorawa, da ƙoƙon kan mutum a tsakiya, da gargaɗi cikin Turanci da Faransanci, da tambarin kamfani wanda ya fi ƙoƙon kan girma. Aka naɗa Yaya Luba jakadiyar shirin a kan iyaka. Wannan ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa: da hannunta ta bi ƙofa-ƙofa tana mannawa. Ni ce mai ɓare mata bayan takardar.

Da muka zo kan Baba Illa, ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙoƙon kan. Ya sa farce ya ɗan taɓa gefen.

"Lokotoro, takardar ga, yaushe ake hidda ta?"

A duk mako biyun Kaduna, cikin masu digiri da masu kwat, ba wanda ya yi wannan tambaya.

Ta rubuta wa kamfani wasiƙa irin wadda suka koya mata. Suka amsa, kamar yadda suka yi alkawari. Suka ce jagora yana bukatar haƙuri da tafiya tare da abokan hulɗa, kuma za a duba batun a zagaye na gaba. Ta rubuta wa shugabannin ƙungiyarsu, suka ce kada ta ɓata musu dangantaka da kamfanin da ya buɗe musu ƙofa, akwai wasu matasan da ke jiran layi. Ta koma kasuwa tana roƙon mutane su ci gaba da ɗaura ƙyalle ko da akwai sitika. Amma masu sito sun riga sun sami sauƙi. Sitika sau ɗaya ake manna ta, ba ɗaurawa, ba kwancewa, ba dawowa daga ƙauye don tsumma, ga ta kuma da kyan gani. Kafin a jima kowace ƙofa a bayan kasuwa tana da ƙoƙon kai, sito mai ƙwaya da sito wofi duk ɗaya. Mai shayi ya manna a teburinsa. 'Yan kabu-kabu suka manna a bayan babura. Na ga ɗaya a ƙofar bayin masallaci, kuma a nan kaɗai na yarda gargaɗin ya dace. Alamar da take ko'ina kullum, ba ta ce wa kowa komai.

Ranar da abin ya faru cikin azumi ne, ana zafin da kwalta take manne wa takalmi. Baba ya sa ƙwaya a sitonsa da safe, ya ƙara yawanta don ƙwari sun yi ƙarfi a shekarar, ya kulle ciki, ya kalli ƙofa ya ga sitikar 'yarsa tana nan, ya hau mota ya tafi Daddara. Akwai wasu baƙin 'yan dako biyu, Lawali da Sha'aibu, kwanansu shida a gari. Tun a ƙauyensu direbobi sun gaya musu dokar Jibiya: in ka ga ja a ƙofa, kada ka kwanta. Daga baya Lawali ya ce mini, "Mun duba, wallahi mun duba. Ba ja."

Bayan la'asar Baba Illa ya faɗo zaurenmu ba sallama yana kiran Lokotoro. Ta fita ko takalmi ba ta daidaita ba, na bi ta. Mun tarar da mutane sun yi da'ira nesa da ƙofar, wasu na salati, wasu sun koma cewa Ɗan-Buhu ya dawo. Warin tafarnuwa har bakin hanya. Ta naɗe hanci da gefen hijabinta, ita da Baba Illa suka shiga suka jawo Lawali. Baba Illa ya zube a waje yana tari, ya kasa tashi. Ta kalli jama'a, ba wanda ya motsa. Ta koma ita kaɗai. Sha'aibu ƙato ne, mai ɗaukar buhu biyu a tashi ɗaya. Da ƙafa ta riƙa jan sa, tana tsayawa, tana ja. Ban san minti nawa ta yi ba. Ni da nake ƙara wa komai tsawo, wannan ban iya auna shi ba.

Sha'aibu bai kai shan ruwa ba. Ita kuma aka sa ta a mota sai Katsina, kanta a cinyata, ƙirjinta yana kuka kamar ƙofar da ba mai. Wajen rabin hanya ta buɗe ido.

"Rediyo."

"Na'am, Yaya."

"Ki gaya musu a ɓamɓare." Ta nemi numfashi ta samu kaɗan. "Ki ƙara gishiri in kin ga dama."

Kwana biyu ta yi a asibiti.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki wuƙar yankan kuɓewa ta Inna na tafi bayan kasuwa. Ni da 'yan dako muka yi kwanaki muna kankara. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan Kamfanin Murmushi: gam ɗinsu mai kyau ne. Har yau in kun zo Jibiya za ku ga rabin ƙoƙon kai a jikin wasu ƙofofi, ido ɗaya, yana kallon masu wucewa. Kamfanin ya aiko da ta'aziyya a takarda mai kauri. Suka ce an yi rashin jaruma, kuma bincikensu ya tabbatar sitikar gargaɗi tana jikin ƙofa lokacin da abin ya faru. Ba su yi ƙarya ba. Tana jiki. Tana jiki jiya da shekaranjiya da watan da ya wuce, lokacin da sito yake wofi mutane suna barci lafiya a ƙarƙashinta.

Dangin Sha'aibu sun zo daga bayan Maraɗi, tsofaffi biyu a bayan kamyo. Suka zauna a zaurenmu suka ce sun yafe, kwana ne ya ƙare. Ina jin da sun mari Baba da ya fi samun sauƙi. Shekara biyar ke nan bai kira sunanta ba, sai dai ya ce mini "yayarki".

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta leƙo yau. 'Yan farar riga sun girma. Waɗanda suka gina hasumiyar taliya tare da ita yanzu wasu daraktoci ne, wasu ana jin su a rediyo na gaske suna bayani a kan makomar matasa. Shirin jagoranci yana nan, duk shekara ana yaye sababbi. Sukan zo kan iyaka cikin farar bas, su sauka da huluna iri ɗaya, su tsaya kusa da ɗan dako a ɗauke su hoto, ɗan dakon da buhu a ka yana jira a gama ya wuce. Ba su taɓa shiga zauren sito sun zauna ba, wai akwai wari. Ban ce duk miyagu ba ne. Akwai ƙawarta ɗaya da har yau take aiko mini da littattafan kimiyya, ba tambari a jiki. Ban kuma ce haramun ne masu ilimi su haɗa kai da masu masana'anta ba. Ina jin Yaya Luba ma ba za ta ce haka ba, don ita mai son a yi abu ne ya kai ko'ina. Abin da za ta tambaya, ina tsammani, shi ne a wane darasi ake koya wa jagora ya ce wa mai ciyar da shi a otal, "Yallaɓai, wannan ba zai yi ba." Ita ba a koya mata ba. An koya mata kallon mutum cikin ido, ba a koya mata abin da za ta yi in mutumin ya yi murmushi ya ce ta yi haƙuri ba.

Ranar Litinin Oga Murmushi ya zo da kansa. Ya yi ƙiba, haƙoran suna nan yadda na san su. Ya zauna a zaure da Baba, ni ina bayan labule inda aikina yake.

"Alhaji, 'yarka tauraruwa ce, ba za mu bari a manta da ita ba. Mun sa wa lambar yabo sunanta. Ga kuma wannan."

Ya zaro samfurin sabuwar sitika. Na leƙa. Fuskar Yaya Luba ce a sama, hoton da aka ɗauke ta a Kaduna tana dariya, ƙoƙon kan ya koma ƙasa ya ƙanƙance.

"Mun saurari jama'a, Alhaji. Yanzu har da Hausa, har da ajami. Duk kasuwannin kan iyaka za a kai ta."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Yallaɓai, ina wuni. Yaushe ake cire ta?"

Ya juyo wajen labulen yana dariya. "Ƙanwarta ce? Ai wannan ba ta fita. Rana ba ta cin ta, ruwa ba ya cin ta. Mun canza gam, ya fi na da."

Carbin Baba ya tsaya a hannunsa.

Daga nan Oga ya shiga maganata. Ya ji ina son karanta kimiyya kamar yayata. Akwai gurbi, akwai otal, akwai jami'a, har jawabin da zan karanta ranar bikin ba da lambar yabon an rubuta mini, minti uku, yana cikin ambulan. Na karanta shi daga baya. A ciki an ce Lubabatu ce ta ƙirƙiro sitika. Babu kalmar ƙyalle ko sau ɗaya.

Da ya tafi Baba ya turo mini ambulan ɗin da yatsa ɗaya. "Ni ba ni da bakin magana a kan ƙofa. Ke ta bar wa saƙo."

Zan yi ƙarya in na ce ban so ba. Ina so. Ina son jami'a kamar in yi kuka. Ina son in kwana a otal in ga ko da gaske ruwan zafi yana fitowa daga bango. Ina son in gina hasumiyar taliya, kuma na san tawa za ta fi ta kowa tsawo ko da a baki ne. Mu ba 'ya'yan manya ba ne, a gidanmu gurbi ba ya zuwa ya yi sallama sau biyu. Kwana biyu ina gaya wa kaina cewa in na shiga ciki zan gyara daga ciki. Sai na tuna wadda ta taɓa faɗin haka a ɗakin nan, a kan tabarmar nan.

Jiya na ɗauki samfurin na tafi bayan kasuwa. Baba Illa ya tsufa, tarin ranar bai sake shi ba, yanzu zama yake a inuwa yana ba da umarni. Lawali ne mai tsaya masa. Na miƙa musu. Baba Illa ya riƙe hoton nesa da ido, ya ce, "Lokotoro." Lawali ya karɓa ya duba gaba ya duba baya.

"Rediyo, waccan mun kankare ta da wuƙa don ƙoƙon kai ne. In an manna huskarta a ƙofa, wa za ya iya sa mata wuƙa?"

Ba wanda zai iya. Ni ma ba zan iya ba. Za ta zauna a kowace ƙofa tana dariya, sito mai ƙwaya da sito wofi, masu sito su sake samun sauƙi, ƙyalle ya sake komawa aljihu, har ranar da wani baƙo zai zo ya duba ya ga ba ja.

Saboda haka, Yallaɓai, tunda na san ana kai muku jaridar nan ofis, ga amsata tun kafin Juma'a. Ban sa hannu ba. Da na gama rubutun nan zan ba direban Katsina ambulan ɗinku. In kun buɗe za ku tarar da takardarku yadda kuka kawo ta, da jan ƙyalle guda. In da gaske kuna son girmama ta, ku sayi jan yadi ku raba, kada ku buga komai a jikinsa. Matasan da kuke horarwa kuma ku turo su wurin Baba Illa mako guda, ba hula, ba mai hoto. Gurbin ku ba wani. Zan zauna jarrabawar shiga jami'a kamar kowa, in na faɗi in sake. Da na gaya wa Inna, ta ce daman ita ba ta ga abin da zan yi da hula hana-salla ba, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Me ya rage na Yaya Luba bayan shekara biyar? Takardar shaidar jagorancinta tana ƙasan adaka, inda jan zane yake a da. Jakar mai tambari ɓera ya ci. Ɗalibanta sun yi aure sun watse. Abin da ya rage tsumma ne, wanda masu kwat suka ce bai dace da zamani ba. Duk sallah Inna takan sayi jan yadi, ba ta kai wa tela, ni take miƙa wa tare da reza. Ba kowane mai sito ne yake ɗaurawa ba, kada in ƙara gishiri a nan. Amma 'yan dako ba sa sauke wa wanda ba ya ɗaurawa kaya, kuma tun daga ranar ba a sake fitar da kowa da ƙafa daga zauren sito ba.

Yau da safe na raka Baba kasuwa. Kwanakin ƙwayar sitonsa sun cika, ya buɗe tun jiya ya sha iska. Jiya ɗin a Farfaru ya wuni, yau ma can zai koma, amma sai da ya biyo ta bayan kasuwa don ya kwance jan ƙyallen ƙofarsa. Ƙulli biyu yake yi, ya daɗe yana fama. Na ce, "Baba, kawo in kwance maka."

Bai juyo ba. "Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa," in ji shi. "Haka Luba ta ce."

Allah ya jiƙan ta, ya jiƙan Sha'aibu, ya sa iskar kabarinsu mai daɗi ce.